MUSHE BORLOO DA FITILAR DA YA YI MANA ALKAWARI

Zuwa ga ƴan'uwa na rassa duka, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na kasuwannin da ke tsakaninsu.  A karanta wannan takarda ranar taro, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma kada a yi gaggawa.

Akwai wata magana da ke yawo cikin rumfuna, har ta fara shiga bakin waɗansu daga cikinmu. Ƴan bokonmu masu kwana da rediyon Paris a kunne su suka kawo ta. Cewa suke yi, ai ba kowane Nasara ne maƙiyi ba, akwai masu ƙaunar Afirka cikin manyan Faransa, da mun bi su a hankali da tuni wuta ta kai kowane ƙauye. In ka ce su ba ka misali, sai su kawo maka sunan Mushe Jean-Louis Borloo. To, madalla. Tun da an kawo sunansa, bari mu shimfiɗa hajarsa a tabarma kowa ya gani, mu auna ta da mudun da ake auna ta kowa.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa, don mu ba maƙaryata ba ne.

An haife shi a Paris a 1951. Lauya ne tun fari, kuma ba lauyan ɓarawon akuya ba. Sana'arsa ita ce kamfanonin da suka karye. In masana'anta ta ci bashi ta kasa biya, shi ne ya san ƙofar da ake bi a saye ta da arha, a daidaita da masu bin bashi, a tashe ta ko a sayar. Cikin waɗanda ya yi wa aiki har da attajirin nan Bernard Tapie, wanda ya yi suna wajen sayen kamfani sukutum a kan tamma guda. Ku riƙe wannan sana'a a zuciya, za mu komo kanta.

A 1989 ya zama magajin garin Valenciennes, can arewacin Faransa, ya riƙe garin har 2002. Ƙasar ma'adinin gawayi ce da maƙerun ƙarfe, kuma ya same ta a durƙushe. Ramukan gawayi sun rufe ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a yankin ya rufe a 1990, magidanta suna zaune ba aiki. Mutumin nan ya yi wa garinsa tsayin daka. Ya bi ofis ofis ya kwaso kuɗin gwamnati da na Tarayyar Turai, aka gyara unguwanni, kuma a zamaninsa kamfanin Toyota ya kafa masana'antar mota a gefen garin, ta fara aiki a 2001. Wannan ba mu yi masa gardama ba. Da muna da magadan gari goma masu irin nacinsa, da Tasawa da Madawa ba haka suke ba.

Daga nan ya hau kujerun minista, ya yi ta hawa, har a 2007 shugaba Sarkozy ya ba shi babbar ma'aikatar da ta haɗa muhalli da makamashi, wato wutar lantarki da man fetur da duk abin da ke tuƙa inji. Ya zauna bisa wannan kujera har watan Nuwamba 2010.

To, jama'a, a nan labarinsa ya gamu da namu.

Ku tuna abin da ke faruwa a ƙasar nan cikin waɗannan shekaru. A lokacin, kashi 3 cikin 4 na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, kuma abincin waɗannan tashoshi shi ne ƙarfen yuraniyom. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, tun 1978 a Akokan. Kamfanin da ke haƙar, Areva, kusan dukkansa na gwamnatin Faransa ne. Har zuwa 2007, kilo guda na ƙarfenmu jika 27 da ƴan kai ake biya. Sai da shugaba Tanja ya murtuke fuska, ya kori wakilin kamfanin daga Yamai a watan Yuli na wannan shekara, ya buɗe wa ƴan Sin ƙofa, sannan kuɗin ya tashi zuwa jika 40, a 2008 ya kai jika 55. Ku duba da kyau. Ƙarfen bai sake ba, ramin bai sake ba, ma'aikatan su ne dai na jiya. Amma mai kaya ya ce a'a. Cikin ƴan watanni kuɗi ya ninka. Ashe duk shekarun baya ana iya biya, ba a dai ga dama ba.

A watan Janairu 2009 aka sa hannu bisa yarjejeniyar Imuraren. Aka ce rami ne da babu kamarsa a Afirka, tan 5,000 kowace shekara, kashi 2 cikin 3 na Areva, kashi ɗaya na Nijar. Ran 27 ga Maris Sarkozy ya sauka Yamai, ya yi ƴan sa'o'i, ya koma jirginsa. Duk wannan, wa ke riƙe da ma'aikatar wutar Faransa? Mushe Borloo. Ba mu ce shi ya riƙe alƙalami ba, shugabar kamfanin ce ta sa hannu. Amma minista ba baƙo ba ne a gidan da yake minista. Aikinsa shi ne tashoshin ƙasarsa su sami abinci kullum, kuma da sauƙin kuɗi. Ya yi aikinsa. Mu ne za mu tambayi kanmu, shin wanda aikinsa ke nan jiya, yau shi ne zai zama wakilinmu?

A nan sai mu ja kunnen ƴan'uwa masu hawa tebur. Mun sha jin ana cewa fitila ɗaya cikin uku a Faransa da ƙarfenmu take ci. Ku bar ƙara gishiri. Cikin shekara 10 kafin 2023, wajen kashi 1 cikin 5 na yuraniyom da Faransa ta saya daga nan ya fito, na Kazakistan ma ya fi namu yawa. Gaskiyar ta isa, ba ta bukatar ado. Kashi 1 cikin 5 na abincin tashoshinsu daga gare mu, mu kuwa mutum 1 cikin 5 ke da wuta a gidansa, a ƙauye ma abin bai kai haka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In ka ƙara ƙarya bisa wannan, ka ba abokin gaba sandar da zai doke ka.

A watan Afrilu 2014 rashin lafiya ya sa Mushe Borloo ya ajiye siyasa. Da ya sami sauƙi, sai ya waiwayo Afirka. A watan Maris 2015 ya kafa wata gidauniya a Paris mai suna Énergies pour l'Afrique, shugaba Hollande da kansa ya halarci buɗe ta. Ya ce mutum miliyan 600 da wani abu na zaune cikin duhu a nahiyar nan, abin kunya ne ga duniya. Gaskiya ya faɗa. Ya ce cikin shekara 10 ana iya kai wuta ga mutum 80 cikin 100. Dabararsa ita ce a kafa hukuma guda ta wutar Afirka, ƙasashe masu arziki su riƙa zuba mata kyautar wajen dala miliyar 5 kowace shekara, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen goro ba, sannan wannan kyauta ta jawo rancen bankuna da jarin ƴan kasuwa. Ya shiga jirgi ya bi fadar shugabannin Afirka ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta tafi, aka yi ta ɗaukar hoto. A 2017 ya ce ya yi nasa, ya naɗe tabarmarsa.

Shekara 10 ta cika a 2025. Ku fita waje bayan isha'i ku duba. Masu ƙidaya na duniya sun ce waɗanda ba su da wuta a Afirka ta kudu da Sahara har yanzu wajen miliyan 600 ne. An ja wa waɗansu waya, ba mu musa ba, amma haihuwa ta cinye abin da aka ƙara. Ɗalibi a Mayahi da tocila yake karatu. Mai injin niƙa a Dakwaro gazuwal yake saye da tsada, ya ɗora wa matan da ke kawo hatsi. Ungozoma a ƙauyen Magariya da hasken salula take karɓar haihuwa.

Wani zai ce, to laifinsa ne don masu kuɗi ba su bayar ba? Ai ya roƙa. Wannan tambaya ita ce gindin maganar, don haka mu tsaya kanta.

Laifin yana cikin roƙon. Mun ce ku riƙe sana'arsa ta fari. Lauyan karyayyun kamfanoni, duk inda ya duba karyayyen kamfani yake gani. Ya dubi Afirka, ya ga mai shago da ya ci bashi, babu jari, babu mai ba shi rance, sai a tara masu hali a ce ku taimaka masa don Allah. To, mu ba shagon da ya karye ba ne. Shago ne da aka shekara 50 ana ɗibar kayansa, mai ɗiba shi ke yanka kuɗi, shi ke riƙe da ma'auni, shi ke rubuta littafin ciniki. Irin wannan shago, abin da yake nema a zauna a buɗe littafi. Mai bin bashi aka mayar almajiri, aka miƙa masa ƙoƙo, aka ce ya gode.

Kuma littafin nan daɗaɗɗe ne. A 1957 aka gano ƙarfen a Azelik. A 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar i ko a'a, Djibo Bakari da Sawaba suka ce a'a, Paris ta aiko gwamna Colombani ya tabbatar i ta ci, a 1959 aka haramta Sawaba. A watan Afrilu 1961, ƙasa ba ta cika shekara da samun mulkin kai ba, aka sa hannu bisa yarjejeniyar tsaro wadda ta ba Faransa fifiko kan ma'adinan yaƙi, yuraniyom a cikinsu. A 1974 shugaba Diori ya nemi a ƙara kuɗin ƙarfen, ana cikin ciniki soja suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu. Kowa ya yi nasa lissafi. Wanda zai zo ya yi mana zancen duhun Nijar, ya tsallake waɗannan shafuka, ya fara daga "ku taimaka musu", ya fara karatu daga tsakiyar allo.

Ga wani abin da zai nuna muku yadda aka tsara wutar ƙasar nan. Akwai gawayi a Anu Araren, kusa da Cirozerin. An kafa SONICHAR a 1975, ta fara ba da wuta a 1981. Don wa? Don ramukan Arlit da Akokan, sai abin da ya ragu a ba Agadas da maƙwabtanta. An ja waya cikin hamada don inji ya niƙa dutse, sauran ƙasa kuwa aka rataye ta ga layin Birnin Kabi da na Katsina, har ya zama a 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga Najeriya take zuwa. Bayan an sa mana takunkumi, a watan Agusta 2023, mutum guda ya murɗa makunni can ƙetaren iyaka, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka faɗa duhu. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ba su suka yi mana haka ba, su ma kuka suke da tasu wutar. Tsari ne da aka gina don fitar da dutse, ba a gina shi don mai gida ba.

Mushe Borloo ya ce hukumar da yake so ta zama a hannun ƴan Afirka. Mun ji, kuma mun yarda haka ya faɗa. Amma ku ji yadda irin wannan ke ƙarewa. A taron yanayi na Paris, Disamba 2015, aka ƙaddamar da wani shiri na wutar rana da iska da ruwa, wanda ƴan Afirka da kansu suka tsara, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala miliyar 10 kafin 2020. Aka ɗora wani masani ɗan Mali, Youba Sokona, bisa aikin. A 2017 mutumin nan ya ajiye aiki, ya ce Turawa, Faransa a gaba, sun tura ayyukan da su suka zaɓa, an amince da su ba tare da bin ƙa'idar da ƴan Afirka suka shimfiɗa ba. Kujera ta ɗan Afirka, tambari na ɗan Afirka, jakar kuɗi a Turai. Wanda ya taɓa zama yaron shago ya san wa ke da magana.

Yanzu Mushe Borloo ya zama mai sharhi, gidajen rediyo da talabijin na Faransa suna kiransa ya faɗi ra'ayinsa. Abu biyu cikin wannan sabon babi sun isa a yi dariya, in da abin na dariya ne. A watan Afrilu 2018 ya miƙa wa gwamnati wani babban rahoto kan unguwannin talakawa na gefen biranen Faransa, inda ƴaƴan baƙi suka fi yawa. Wata guda bayan haka shugaba Macron ya ture rahoton a bainar jama'a, ya ce ba shi da ma'ana fararen mutum biyu da ba su zaune cikin unguwannin nan su riƙa miƙa wa juna takarda a kansu. To, in haka ne game da unguwar da ke bayan ganuwar Paris, ina ga Ƙonni da Matamai? Sannan a 2025 shi Borloo da bakinsa ya fito yana cewa Paris ta tattare iko ya yi mata yawa, a sakar wa jihohi su yi abin kansu. Ashe ya sani! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya gane game da lardunan ƙasarsa, shi muke faɗa game da ƙasarmu tun 1958.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, cikin manyan Faransa kaf, da wuya a sami wanda ya fi shi sanin yadda gari ke zama in rami ya rufe. Ya ga Valenciennes. To, ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK a Akokan, bayan an shekara 40 da ɗoriya ana haƙa. Ɗaruruwan ma'aikata suka koma gida, ƴan kwangila ma haka. Aka bar wa garin tudun dusar ma'adini mai guba, wajen tan miliyan 20, iska na bi ta kansa. Valenciennes ta sami masana'antar mota da jirgin cikin gari. Akokan ta sami tudu. Imuraren kuwa, da kasuwa ta faɗi bayan hatsarin Fukushima na 2011, sai aka jingine shi a 2014, ba a fitar da kilo ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka mun wanke namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su wa suka yi ta tafi a fada duk lokacin da mai alkawari ya sauka daga jirgi? Namu ne. Tun shekarun 1970 ake zancen madatsar ruwa ta Kandaji, a watan Agusta 2008 aka aza dutsen fari, aka ba wani kamfanin Rasha aikin, aka karɓe a 2013, aka ba na Sin, ya kama aiki a 2019. Shekara 15 bayan aza dutse, daren da Najeriya ta kashe layi, Kandaji bai kunna ko ƙwai ɗaya ba. Wannan ba Borloo ya yi mana ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce rabon gwamnati na iya tashi daga kashi 5 da rabi zuwa 12 cikin 100, amma sai 2014 aka iya sa Areva ta bi ta, bayan ƴan ƙungiyoyi sun sha rana bisa titunan Yamai. Shekara 8 doka na kwance cikin akwati, ministocinmu na zaune bisa murfin.

Yau kaya sun sake hannu. A watan Yuni 2024 aka karɓe lasisin Imuraren daga Orano, wato Areva ta dā da ta sake suna. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mun yi murna, don abin da iyayenmu suka sha ɗauri a kansa ke nan. Amma mallaka ba ta kunna fitila da kanta. Sababbin abokai sun fara sauka daga jirgi, daga Mosko da wasu wurare, kowa da takardar alkawarinsa, har da zancen tashar nukiliya. A watan Janairu 2025 kuma, a Darussalam, Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suka sake wani alkawari, wuta ga mutum miliyan 300 kafin 2030, Nijar na cikin ƙasashen farko da suka sa hannu. Mudun da muka auna Mushe Borloo da shi, da shi za mu auna su duka, baƙi da na gida, mai kwat da mai kaki. In ba haka ba, mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Tsarin mulkin 2010 yana da aya ta 150, wadda ta ce duk yarjejeniyar ma'adinai da duk kuɗin da kowane kamfani ya biya, a buga su cikin jaridar gwamnati kowa ya gani. An dakatar da tsarin mulkin a 2023, a watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyu duka. Takarda ta rushe ofis, ba ta rushe zaman rumfa ba, kuma ba ta hana talaka tambaya ba. Duk babban da ya zo garinku, ko daga Yamai ko daga ƙetare, ya ce zai kawo wuta, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan dattijon reshe ya tashi ya tambaye shi: kilo nawa aka sayar bana, wa ya saya, nawa ya biya, kuɗin suna ina, kuma a wace takarda aka rubuta don yaranmu masu boko su karanta mana?

Ga aikin wannan wata. Kowane reshe ya sami littafi guda da mutum biyu amintattu. A rubuta dare nawa wuta ta ɗauke a garin, in garin na da ita. In babu, a rubuta nisan turken waya mafi kusa. A tambayi masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara nawa suke kashewa a gazuwal kowane mako. A je gidan likita a ga ko ɗakin haihuwa na da fitila, ko firjin allurar yara na aiki. Kada a ƙara, kada a rage. A ba direban da kuka saba ba shi saƙo ya kawo mana kafin ƙarshen wata, za mu buga na kowane gari da sunansa a fitowa ta gaba. Wanda ya gama karanta wannan takarda kada ya ƙunsa ƙosai da ita, ya miƙa wa na kusa da shi.